Sabo Turken Ciniki: Yadda Kamfanoni Ke Kama Zuciyar Mai Saye

Gabatarwa

Gwallameji unguwa ce da ke kan hanyar Dass a garin Bauchi, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, ga kuma harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ba nisa. Saboda haka kasuwancin unguwar ya jingina ne ƙwarai a kan ɗalibai, mutanen da kuɗinsu ƙidayayye ne, kuma kowace naira sai an yi mata lissafi kafin ta fita daga aljihu. To amma abin mamaki shi ne, wannan ɗalibi mai tsimi da tanadi zai tsallake shaguna uku ya je na huɗu don ya sayi abin da ke akwai a na farko. Zai kuma ƙi sabulu mai sauƙin kuɗi ya ɗauki wanda ya saba gani a gidansu, ko da kuwa aikinsu ɗaya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka. Za ta duba hanyoyin da kamfanoni ke bi su sosa zuciyar mai saye, wato suna da launi da fasalin kaya da kuma harshen talla, har ya zama abokin ciniki na dindindin. Ni Hausa harshe na biyu ce a wurina, kuma wanda ya koyi harshe da wayonsa yakan tsaya ya tambayi asalin kalmar da ɗan gida ke furtawa ba tare da ya kula ba. Daga irin wannan tambaya ce batun ya samo tushe.

Zuciya Kan Riga Lissafi

An daɗe ana ɗauka cewa mai saye yakan auna farashi da inganci ne kawai kafin ya yanke shawara. Binciken masana ya nuna abin ya wuce nan. A shekarar 1994 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Antonio Damasio ya bayyana halin wasu marasa lafiya waɗanda suka sami rauni a sashen gaba na ƙwaƙwalwa. Basirarsu na nan, suna iya lissafi, amma da yake motsin ransu ya dushe, sai yanke shawara a kan ƙaramin abu ya zame musu aiki. Wato ke nan so da ƙi su ne ke taimaka wa hankali ya tsayar da zaɓi.

Tun kafin wannan, a 1968, Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya ji ya kwanta masa a rai, ko da bai san ma'anarsa ba. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa sabo turken wawa. Shi ya sa kamfani ba ya gajiya da maimaita talla ɗaya a rediyo safe da yamma.

A 2004 kuma wasu masana a birnin Houston na Amurka suka ba mutane Coca-Cola da Pepsi suna duba aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Da aka ɓoye sunayen, zaɓin mutanen bai karkata ga ɗaya ba. Da aka nuna musu sunan Coca-Cola, sai suka fi son abin da ke cikin kofin, sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye tunanin abin da ya wuce kuma suka motsa. Kamfanin da kansa ya taɓa ɗanɗana wannan. A 1985 ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwaji ya nuna sabon ya fi daɗi a baki, amma jama'a suka yi ca a kansa, ba a cika wata uku ba ya dawo da tsohon.

Suna Linzami

Ƙofa ta farko da kamfani ke shiga ta cikinta ita ce suna, kuma a nan ne mu ɗaliban harshe muke da abin kallo. Ga wasu kalmomi da ake ji kullum a shagunan Gwallameji:

makilin, daga Macleans
omo, daga Omo
magi, daga Maggi
lifton, daga Lipton
bonbita, daga Bournvita
fanadol, daga Panadol
indomi, daga Indomie

Duk waɗannan sunayen kayan kamfanoni ne daban-daban, amma Hausa ta are su ta yi musu kwaskwarima irin tata. A kalmar makilin an saƙa wasalin i tsakanin k da l, domin Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, aka kuma yar da s ta ƙarshe. A fanadol, p ta koma f, kamar yadda Peugeot ta koma Fijo. A bonbita kuwa v ce ta koma b.

Bayan sauti, ma'ana ma ta faɗaɗa. Yau makilin na nufin kowane man goge baki, omo na nufin kowane garin sabulu. Har akan ji mai saye ya ce, "Malam, ba ni makilin Close Up," kuma babu wanda zai yi dariya. Ajinomoto, wanda kayan wani kamfani ne na ƙasar Japan, sai aka raɗa masa farin magi. Shi kuwa Maggi sunan wani Baswise ne, Julius Maggi, wanda kamfaninsa ya fito da dunƙulen a 1908, Nestlé kuma ta mallake shi a 1947. Indomie daga ƙasar Indunusiya take, kuma a can "mie" na nufin taliya. An fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Duk da haka yaran da suka tashi da ita ba sa ganin ta a matsayin baƙuwa.

Idan suna ya kai wannan matsayi, kamfani ya sami talla kyauta a bakin kowa. Yaron da uwa ta aika sayen magi, sunan da ya fara ji ke nan tun bai san kuɗi ba, kuma da muryar uwarsa ya ji shi.

Launi da Fasali

Ƙofa ta biyu ita ce ido. Wani masanin tsara kayayyaki, Donald Norman, ya bayyana a 2004 cewa kaya kan taɓa mutum a matakai uku. Na farko shi ne kallon farko, kafin tunani ya shigo. Na biyu shi ne daɗin amfani da abin. Na uku kuwa shi ne abin da kayan ke faɗa game da mai shi, a idon kansa da idon jama'a.

A mataki na farko launi ne sarki. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kamfanonin sadarwa suka raba launuka a tsakaninsu: MTN ruwan ɗorawa, Glo kore, Airtel ja. Suna fenta shaguna, suna raba lema da riguna, ta yadda wanda bai iya karatu ba ma zai gane su daga nesa. Masu POS da ke zaune a bakin titi sun gaji wannan dabara, domin launin lema ko na na'ura kan sanar da kai kamfanin kafin ka ƙaraso. Haka ja da ruwan ɗorawa na takardar Maggi, wanda ko a cikin duhun shago ido zai tsinto shi.

Mataki na biyu ya fi tasiri ga mai ƙaramin ƙarfi. A 1993 aka fito da madarar Cowbell a cikin ƙananan ledoji, lokacin da madarar gari sai a gwangwani, sai kuma mai hali. Ledar ta ba talaka damar shan shayi da madara da kuɗin da ke hannunsa a ranar. Glo da ta zo a 2003 ta fara cajin kira da daƙiƙa, alhali ana cajin mutane da minti ko da sun yi magana ta daƙiƙa biyar. Tecno ta kawo waya mai layi biyu a ƙasar da sabis ke yawan ɗaukewa, ta gyara kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata sosai, ta kuma saka Hausa cikin harsunan wayar. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane da dama sun koma ga OPay da makamantansa saboda kuɗi na tafiya nan take sa'ad da manhajojin bankuna ke cijewa. A duk waɗannan misalai abin da mai saye ya ji a ransa shi ne an san damuwarsa. Wanda ya fitar da kai kunya ranar da kake cikin matsi, da wuya ka manta da shi.

Mataki na uku shi ne na martaba. Shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, wadda muke kira gezna, da atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, ana sayensu ne har da abin da za a ce a wurin biki ko ranar buɗe lefe. A nan tsadar kanta tana cikin abin da ake saye.

Harshen Talla

Ƙofa ta uku ita ce magana. A 1960 masanin harshe Roman Jakobson ya kasa ayyukan harshe gida shida. Ɗaya daga ciki shi ne isar da bayani. Sauran sun haɗa da bayyana abin da ke ran mai magana, da jan mai sauraro ya aikata wani abu, da ƙulla zumunci, da ƙawata zance. Wanda duk ya saurari tallace-tallace a gidan rediyon BRC ko Globe FM da kunnen nazari zai lura cewa bayani shi ne mafi ƙaranci a ciki. Ba kasafai ake faɗin abin da aka haɗa kayan da shi ba. Abin da ake ji shi ne kiran "uwargida" da "amarya" da "maigida", da karin sauti, da amsa-amo irin na waƙa, da umarni cikin lallashi.

Hotunan ma haka suke. Tallar dunƙule takan nuna uwa tana zuba abinci, yara na murmushi, maigida na gyaɗa kai. Abin da ake sayarwa a nan shi ne yabon da mai girki ke fata. Idan azumi ya zo sai tallace-tallace su sauya kaya: ga faifan buɗa-baki, ga dabino, ga shirye-shiryen girki a talabijin, ga gaisuwar barka da shan ruwa daga kamfanin da bai san sunanka ba. Manufar ita ce a haɗa kayan da lokacin da zuciya ta fi taushi, domin duk shekara idan lokacin ya zagayo a tuna da su.

Wata dabarar ita ce aron fuska. Glo ta ɗauki taurarin finafinan Hausa irin su Ali Nuhu da Sani Danja a matsayin jakadunta, don son da ake yi musu ya shafi layin. A 2013, da hukumar NCC ta ba da damar mutum ya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba, MTN ta ɗauko ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, wanda a da yake fitowa a tallar Etisalat. Aka nuno shi cikin hasken kore, sai ga shi ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa yana rawa. Ba a kawo wata hujja ta farashi ba, dariya da launi ne suka isar da saƙon. Coca-Cola kuwa a 2015 ta buga sunayen 'yan Nijeriya a jikin kwalabenta, dabarar da ta fara gwadawa a Ostareliya a 2011. Mutane suka riƙa tona firji suna neman sunansu ko na masoyansu, alhali lemon da ke ciki bai sauya ba.

Bahaushe Ya Riga Su

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilimi daga Turai ya zo. Duk wanda ya shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal zai tarar da shi a aikace. Ɗan kasuwa ba ya fara maganar kuɗi sai ya gaisa, ya tambayi gida da yara. Idan tayi bai yi masa ba, ba ya cewa a'a, sai ya ce "albarka". Idan an daidaita ya ce ya sallama, a rabu da addu'a. Sannan ga gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an gama awo. Tumatir biyu ne ko ƙosai ɗaya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi ke dawo da mutum gobe. Abin da kamfanonin sadarwa ke kira garaɓasa, gyara ce aka sauya wa riga.

Kirarin 'yan talla da na masu maganin gargajiya shi ne kakan taken da kamfanoni ke liƙawa a allunan talla. Masar Bauchi ta yi suna a faɗin Arewa ba tare da allo ko ɗaya ba, baki ne ya kai ta. Mai shayin unguwar ɗalibai ya san wanda ke son yaji da yawa a indominsa da wanda ba ya son albasa, ya san kuma wanda kuɗinsa bai iso daga gida ba, sai ya ce, "Ɗalibi, ci abinka, ka kawo in an turo." Wannan littafin bashi ya fi kowane katin rangwame ɗaure abokin ciniki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji masu iya magana.

Bambancin shi ne mai shayi ya san ka da gaske, kuma in ya cuce ka gobe za ku haɗu. Kamfani kuwa yana kwaikwayon wannan sanayya ne ga miliyoyin mutane a lokaci guda, ta hanyar launi da murya da hoto.

So Hana Ganin Laifi

A nan ne hatsarin yake, domin dabarar da ke tallata kaya mai kyau ita ce ke tallata marar kyau. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wato "ɗana" da Turancin Buroka, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya, ciki har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya. An gano an haɗa shi da wani sinadari mai guba da ke lalata ƙoda, kuma a 2013 kotu ta ɗaure wasu ma'aikatan kamfanin. Sunan yana da daɗi a kunnen uwa, amma suna ba ya gwada abin da ke cikin kwalba. Haka MMM, wadda ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Ba ta kira harkarta zuba jari ba, sai ta ce "ba da taimako" da "karɓar taimako", kalmomin da ke kwantar da hankalin mutumin da ya tashi cikin al'adar adashi. A Disambar 2016 ta rufe asusun jama'a, kuɗin mutane da yawa suka maƙale.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, son da aka gina yana da iyaka. A 2023 kamfanin Unilever ya sanar da daina yin Omo da Sunlight da Lux a Nijeriya. A watan Agusta na shekarar, GlaxoSmithKline, wanda ya daɗe yana samar da Macleans da Panadol a ƙasar, shi ma ya sanar da naɗe tabarmarsa ya bar wa dillalai rarraba kayan. Kalmomin omo da makilin suna nan daram a bakin Hausawa, amma sau da yawa kayan wani kamfanin ake miƙo wa wanda ya furta su. Idan farashi ya haura, aljihu kan rinjayi sabo. Kamfanin da ya dogara da tuna baya kaɗai, bai kula da farashi da inganci ba, zai wayi gari ya bar wa harshe sunansa, kasuwa kuma ta koma hannun wani.

Abin da Ya Shafi Ɗalibin Harshe

Wannan fage yana da amfani biyu a gare mu. Na farko, fagen nazari ne da bai gama buɗuwa ba. Ana iya rubuta kundin digiri a kan aron sunayen kayayyaki, ko salon tallar rediyo, ko rubuce-rubucen jikin shaguna da motoci, ko yadda ake gauraya Hausa da Ingilishi da Buroka a unguwa irin Gwallameji inda ƙabilu da yawa ke zaune tare.

Na biyu, hanyar abinci ce. Yawancin manyan tallace-tallace a Legas ake tsara su da Ingilishi, daga baya a juya su zuwa Hausa. Shi ya sa mukan ga allo babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, har ƙasa ta koma kasa, ko a ji jimlar da kalmominta Hausa ne amma ƙashinta na Turanci. Irin wannan talla ba ta taɓa zuciya, domin mai sauraro yana jin baƙon murya tun daga kalmar farko. Tun daga 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje wajen fitowa ko ɗora murya a tallar da aka yi don Nijeriya. Ke nan ana buƙatar wanda ya san inda karin magana ke shiga da inda take ɓata zance, wanda kuma ya san bambancin kiran mace "uwargida" da kiran ta "Hajiya". Sai dai wanda ya iya sarrafa harshe har ya motsa zuciya, amana ce a hannunsa, bai kamata ya ara wa kayan cuta bakinsa ba.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kamfanoni na kama abokin ciniki ta hanyar suna da launi da fasali da kuma harshe, kuma tushen dabarar sananne ne a kasuwar Bahaushe tun kafin zuwan rediyo. Ta nuna kuma cewa son da ya fi ɗorewa shi ne wanda aka gina a kan biyan buƙata ta gaskiya, kamar ledar madara da cajin daƙiƙa. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk lokacin da talla ta burge mu, mu raba ta gida biyu kamar yadda muke raba jimla a aji: me ta faɗa game da kayan, me kuma ta sa muka ji? In kashi na farko ya fito fanko, sai a juya kwalin a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da nauyin abin da ke ciki, a kwatanta da na kusa da shi, kafin a miƙa kuɗi.